Ashe lissafi ma yana da ranarsa

Ni dai in ana lissafa waɗanda suka tsani lissafi a rayuwarsu, to a saka sunana a sahun gaba. Sau biyu ina zana WAEC saboda shi, karon farko F9 ya manna min ba ko kunya, karo na biyu da ƙyar da jiɓin goshi na samu C6, kuma ranar da na ga sakamakon nan sai da na rantse ni da x da y haihata-haihata. Shi ya sa da yarinyata 'yar aji biyar ta shigo gida da yamma tana cewa "Abba, malaminmu ya ce gobe kowa ya zo da zare da faifai ko murfin tukunya, wai ranar lissafi ce ta duniya", dariya na fara yi. Na ce oh ni, yanzu har abin ya kai a ware wa wannan masifar rana sukutum? Mamanta daga kicin ta ce to ai ko ciwo ma ana ware masa rana.

Da daddare bayan an sauko daga asham na ɗauki waya na duba, ashe da gaske ne. Ranar 14 ga Maris ce ta kowace shekara. Hukumar UNESCO ce ta amince da ita a babban taronta na 40 a watan Nuwamban 2019 bayan ƙungiyar masana lissafi ta duniya ta daɗe tana fafutuka a kai, aka yi bikin farko a 2020, wanda kuma ya zo daidai lokacin da korona ta fara kulle duniya. Kowace shekara akwai taken da ake zaɓa, na farkon shi ne lissafi yana ko'ina, na 2023 lissafi na kowa ne, na 2024 kuma wasa da lissafi. Wannan na ƙarshen ne ya ɗan ba ni haushi gaskiya, don mu a zamaninmu lissafi ne ya yi wasa da mu.

Asalin abin daga Amurka ya taso. A 1988 wani masanin kimiyya mai suna Larry Shaw da ke aiki a wani gidan baje kolin kimiyya a San Francisco ya fara haɗa ɗan biki don lambar nan da ake kira pi, wadda ta fara da 3.14. Su Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, to 14 ga Maris a wurinsu 3/14 ne, ka ga ya fito ras. Mu nan da Nijar da Ghana rana muke fara sakawa, a wurinmu 14/3 ne wanda bai nuna komai ba, da mu aka yi wa shawara da 22 ga Yuli muka zaɓa, tunda 22/7 aka haddace mana a makaranta. Kuma an yi dace ranar ce aka haifi Albert Einstein a 1879. A can har wani gashin fulawa mai zagaye suke ci ranar saboda sunansa ya yi kama da na lambar, mu kam a 2024 da 2025 duk cikin azumi ranar ta faɗo, ba ci ba sha sai dai a yi lissafin awa nawa ya rage a sha ruwa. Wannan ɗin ma in ka duba lissafi ne ya kawo shi, shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana 365, ratar kusan kwana 11 ce ke sa azumi yana ja da baya duk shekara har ya zagayo inda ya taso bayan kamar shekara 33. Wanda ya yi azumin zafi yana saurayi in da rabon tsawon rai zai sake yin sa da furfura.

To me za a yi da zare da faifai? Yarinyar ce ta nuna min, abin kunya. Ka zagaya bakin faifan da zare, ka yanke daidai inda ya haɗe, sai ka miƙe zaren ka gwada shi da faɗin faifan ta tsakiya. Zai ba ka uku da ɗan ɗoriya. Ka ɗauko murfin tukunya, uku da ɗan ɗoriya. Tayar keke, bakin rijiya, gindin rumbu, duk abin da yake zagayayye komai girmansa komai ƙanƙantarsa, uku da wannan 'yar ɗoriyar dai, ita ce lambar pi ɗin nan. Ina zaune ina kallonta sai idona ya kai kan hulata da ke rataye. Ni lamba 22 nake sakawa, duk wanda ya taɓa sayen hula ya san lambar nan awon zagayen kai ce da inci. Na ce kawo tef ɗin mamanki. Na lallaɓa hular ta zama zagaye sosai na auna faɗin bakinta, inci 7. Wallahi sai da na yi shiru. Shekara nawa ina yawo da 22/7 a kaina, a zahiri a kaina, kuma an zane ni a kansa a aji ba sau ɗaya ba, babu wanda ya taɓa ce min ciro hularka mu auna.

Ita wannan 'yar ɗoriyar fa ta wahalar da manyan mutane. Archimedes na Girka tun kafin haihuwar Annabi Isa da sama da shekara 200 ya nuna cewa lambar tana tsakanin 223/71 da 22/7, wato 22/7 ɗin ma kusa ce kawai ba ita ce ainihin ba. Wani ɗan Sin, Zu Chongzhi, ya zo da 355/113 wadda ta fi matsowa. A 1424 Jamshid al-Kashi a Samarkand ya fitar da ita har gurbi 16 bayan ɗigo da hannu, ba kalkuleta ba komai. Daga baya aka tabbatar ba ta da ƙarshe kuma ba ta maimaita kanta, a 2022 an sa kwamfuta ta fitar da gurbi tiriliyan 100 ba a ga ƙarshenta ba. Alhali masu harba na'ura sararin samaniya a NASA gurbi 15 ya ishe su aiki. Sauran duk naci ne irin na masana, kuma ni ban ga laifinsu ba, wasu ma ai tara tattabaru suke yi.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne tambayar da na yi wa kaina, wai me ya sa na tsani abin nan tun farko. Da na tuna sai na ga ba lambobi na tsana ba. Wani malami na tsana, da dorinarsa, da Turancinsa. Zai shigo ya juya mana ƙeya ya cika allo, ya juyo ya ce akwai mai tambaya, duk wanda tsautsayi ya sa ya ɗaga hannu sai ya zama abin dariya. Yaron da bai gama gane Turancin tambayar ba ta ina zai gane lissafin da ke cikinta? Yaƙi biyu muke yi lokaci ɗaya ana ba mu makin guda. Ban ce duk laifinsa ba ne, mu fiye da 90 ne a ajin, albashinsa kuma Allah kaɗai ya san yaushe yake shigowa. Amma abin da muka fita da shi daga ajin nan shi ne lissafi dodo ne, na masu ƙwaƙwalwa ta musamman ne, kuma kayan Turawa ne da aka ɗora mana don a hana mu shiga jami'a, tunda a lokacin in ba ka da kiredit a lissafi da Turanci sai dai ka ga ana yi.

Kuma duk wannan lokacin da nake cewa ban iya lissafi ba, a gidan da na tashi ake yin sa safe da yamma. Innarmu Allah ya jiƙanta uwar adashe ce, ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Adashe uku take riƙe da su a lokaci ɗaya, na kullum da na mako da na wata, ta san wa ta yi zubi, wa ta tsallake kwana biyu, wa ke da hannu biyu, wa ke da rabin hannu ta haɗa da kishiyarta, kwasar wa ce ranar Juma'a mai zuwa. Iyakarta ta ja layi da gawayi a bayan ƙofa. Ban taɓa jin an zo gidanmu rigimar an ci kuɗin wani ba. Ka je Wapa a Kano ka ga yadda ɗan canji ke juya sefa zuwa naira zuwa riyal yana hira da kai yana amsa waya. Ka je Dawanau ka ce wa mutum buhu mai tiya 40 ka saya kaza, kuɗin mota kaza, ɗan dako kaza, kafin ka buɗe kalkuletar wayarka ya faɗa maka nawa tiya za ta tsaya maka. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma nasu ya fi ban mamaki, da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce dala ashirin sefa 100 ke nan, jika kuma sefa 1,000, wato duk cinikin da suka yi suna ninkawa da biyar ko rabawa da biyar a ka, yaro ƙarami mai tallan goro ma haka yake yi. Irin yadda tsofaffinmu har gobe suke cewa fam biyar suna nufin naira 10, jaka guda naira 200.

Harshen ma kansa ya nuna mun daɗe a harkar. Kafin mu aro ashirin da talatin da arba'in daga Larabci muna da gomiya biyu, gomiya uku. Muna cewa ashirin ba ɗaya a madadin sha tara, ɗebewa ke nan a cikin sunan lambar kanta. Akwai metan, ɗari biyu, akwai arbaminya, ɗari huɗu, akwai zambar, dubu. Zamanin da wuri ne kuɗi, Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ne ke daidai da dala ɗaya ta azurfa, ka yi tunanin mai sayen doki ko turmin zane masu yawa, tulin wuri nawa za a zube a ƙasa a ƙirga biyar-biyar, kuma a tashi ba a cuci kowa ba. Manomanmu da malaman ƙauye suna lissafin taurari 28, kowane kwana 13, guda ɗaya kwana 14, in ka tara 365 cif, da shi suke sanin shigowar damina da fitar ta. Mawallafan waƙoƙin ajami kuma sai su ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin wata kalma a baitin ƙarshe, ramzi ke nan, kowane harafi da lambarsa, sai mai hisabi ya warware.

Amma inda abin ya fi taɓa ni, wanda kuma sai a daren nan na haɗa shi da lissafin makaranta, shi ne ranar rabon gadon mahaifinmu. Baba ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa Hajiya kaka tana raye a lokacin, da mu 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu. Malamin da aka kira dattijo ne na zaure, ya zo da 'yar butarsa da carbi, ya nemi takarda aka yago masa daga littafin ƙanina. Ya ce matan mamaci suna da tumuni, ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Sai ya ce asalin mas'alar 24 ce. Tumunin 24 uku ne, sudusinta huɗu, saura 17 na 'ya'ya. Ya ɗaga kai ya ce to ga matsala, mata biyu ba za su raba uku ba tare da karaya ba, 'ya'ya kuma namiji rabon mace biyu, maza uku kaso shida, mata huɗu kaso huɗu, kaso goma ke nan, 17 kuma ba ta rabuwa goma. Sai ya ninka komai da goma ya mayar da dukiyar kaso 240. Mata 30, kowace 15. Kaka 40. 'Ya'ya 170, kowace mace 17, kowane namiji 34. Ya ce ku tara ku gani. Muka tara, 240 ba ragi ba ƙari.

Wani baffanmu ya ce "Allah gafarta malam, me ya sa 24, ba 20 ko 30 ba?" Malam ya ce don ita ce lamba mafi ƙanƙanta da takwas ke shiga cikinta shida ma ke shiga. Jama'a wannan fa shi ne LCM. Shi ne abin da aka yi min bulala shida a kansa a aji ɗaya na sakandare. Dattijon nan bai taɓa jin sunan LCM ba, amma da shi ya raba gida da gona biyu da shanu tsakanin mutum goma masu jin zafin rashi, kowa da abin da ke ransa, aka tashi ba wanda ya ɗaga murya. Duk wanda ya san yadda gado ke raba zumunci a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai ma inda lissafin ya fi haka zurfi. Wani lokacin in ka tara kason magada sai ya fi dukiyar yawa. Misali mutum ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, mata 3 cikin 24, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4, in ka tara 27 ne ba 24 ba. Malamai sai su ɗaga asalin ya koma 27 don ragin ya shafi kowa daidai gwargwadon rabonsa, shi ake kira auli. Ana ruwaito cewa Sayyadina Ali yana kan mumbari aka jefo masa wannan tambayar ya amsa nan take cewa tumunin matar ya zama ɗaya bisa tara, kuma 3 cikin 27 ɗaya bisa tara ne ɗin.

Shi kansa aljebra da ya hana ni sakat, sunansa daga littafin Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma kaso mai tsoka na littafin a kan gado da wasiyya yake. Sunan mutumin ne Turawa suka lanƙwasa ya zama algorizim, kalmar da yanzu 'yan TikTok ke zagi in bidiyonsu bai yi tafiya ba. Lambobin da muke cewa na boko daga Indiya suka taso, Larabawa suka ɗauka, wani ɗan Italiya da ake kira Fibonacci ya koyo su a garin Bijaya na Aljeriya ya rubuta littafi a kansu a 1202, sannan suka bazu a Turai. Sifilinmu ma daga sifr na Larabci ne. Don haka kayan nan ba na wani ba ne shi kaɗai, hannu da hannu aka yi ta miƙa shi.

Mu ma kuma hannunmu yana ciki, wannan ne ban sani ba sai da na girma. Akwai Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar, wajen 1732 ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihin Masar. Mu in an ce hatimi laya kawai ke zuwa mana a rai, kuma ni ba zan shiga rigimar halasci ko haramcin wannan ɓangaren ba, akwai masu ita. Amma ka cire batun laya ka kalli gidajen kawai. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ka tara a kwance 15, a tsaye 15, a karkace 15. Yanzu ka gwada gina mai gida 25 ko 49 da kanka ba tare da ka maimaita lamba ba ka ji yadda kai ke zafi. Masu tarihin lissafin Afirka a ƙasashen waje suna ambaton mutumin nan, ni kuwa na gama firamare da sakandare a ƙasar Hausa ban taɓa jin sunansa a aji ba ko sau ɗaya. Haka Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi ɗan Adamawa da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978, sunan ɗakin kwamfuta kawai wasu suka san shi da shi. Ga Farfesa Abba Gumel da ya yi digirinsa na farko a jami'ar Bayero, yanzu yana koyarwa a Amurka, aikinsa shi ne amfani da lissafi a gano yadda cuta ke yaɗuwa, irin su maleriya da korona, mutum nawa mai cuta ɗaya zai shafa wa, kashi nawa na jama'a ya kamata a yi wa rigakafi kafin abin ya lafa. Da an taɓa kawo mana irin waɗannan sunaye a aji ko da ba mu gane x ba da mun san 'yan gida ma suna iyawa.

Sai dai kar in yi ta yabon kai, akwai inda lissafin kasuwa da na ka yake gaza mana, kuma a nan ake yanka mu. Mun iya tarawa da ɗebewa da rabawa kamar me, amma abin da ke ninka kansa a kai a kai ƙwaƙwalwar mutum ba ta kama shi da sauri. Ku tuna 2016 da MMM, ana cewa ka zuba kuɗi a ba ka ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, har aka daskarar da asusun mutane a watan Disamba. Da mutum ya zauna da biro minti biyar zai ga naira 100,000 a haka za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya, a shekara biyu ta wuce miliyan 54. Wace sana'a ce a duniya ke haifar da wannan? Ba kowace, kuɗin na baya ake ba na gaba har ranar da na baya suka ƙare. Kuma har yau duk bayan ɗan lokaci sai wani ya dawo da sabon suna da sabuwar manhaja, a sake yin layi. Ni kaina wani abokina ya taɓa ja na cikin irin wannan, wata biyu ina ganin lambobi suna hawa a waya ina jin daɗi, ranar da na je cirewa shafin ya ƙi buɗewa har yau. Kuɗin gyaran rufin ɗaki ne, damina ta same mu da bokiti a tsakar ɗaki, mamansu kuma ba ta bar maganar ba har yanzu.

Haka yaran da ke cacar ƙwallo. Ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, ko da a ce kowane wasa damar cinka rabi da rabi ce, damar duk goman su zo maka ɗaya ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, wasa ɗaya ne ya yanke ni. Ai dole ya yanke ka. Ban da haramcin abin, ko ta lissafi kawai asara ce aka tsara. Su ma masu ba da bashi ta waya haka, su ce maka ruwan kaɗan ne, kashi 10 kacal, ba za su nanata maka cewa a mako ne ba, ka ninka da makonni 52 ka gani. Waɗanda suka tsara abubuwan nan sun zauna sun yi lissafinsu tsaf, da rashin namu lissafin suke cin abinci.

Shi ya sa ni in da za a ji tawa, bikin 14 ga Maris ɗin nan kar ya tsaya a otal a Abuja ana jawabi da Turanci ana raba jaka. A kai shi makarantar firamare ta unguwa, a kira malamin da ke rabon gado ya yi wa yara mas'ala ɗaya a allo da Hausa, a kira tela ya zo da tef ɗinsa, a kira magini ya nuna yadda yake fitar da kusurwar ɗaki da igiya, uku nan huɗu nan biyar a karkace, a baje dara a ƙasa a yi gasa. Batun harshe kuma ba sabon abu ba ne, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada koyar da yara darussan firamare da Yarbanci a Ife, har da lissafi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Mu da muke da tarawa da ɗebewa da sulusi da rubu'i da tumuni a bakin kowace tsohuwa, ban ga abin da zai hana yaro ɗan aji uku ya fara jin lissafi da harshen da yake mafarki da shi ba, Turancin ya biyo baya.

Washegari yarinyar ta dawo tana kumbure-kumbure, wai nata ya ba ta 3.2 ba 3.14 ba, wata ƙawarta ta ce ta faɗi. Na ce mata zaren ne ke miƙewa kuma faifan kaba ba ya zama zagaye cif, ko Archimedes sai da ya sha fama. Don in lallashe ta sai na ba ta labarin naira ɗaya da ake ninkawa kullum, yau 1, gobe 2, jibi 4, na ce ta faɗi nawa za ta zama a rana ta 30. Ta ce ko dubu biyar. Muka zauna da biro a bayan kalanda, da muka kai rana ta 30 naira 536,870,912 ce, in an tara duka kwanakin ya haura biliyan ɗaya. Ta yi shiru tana kallon takardar, can sai ta ce "Abba, to daga gobe a daina ba ni naira 200 ta tara, a fara ba ni naira ɗaya ana ninkawa har ƙarshen wata." Mamanta ta fashe da dariya ta ce ka amsa mana, ba kai ne sabon malamin lissafi ba. Yanzu dai muna kan ciniki, ni na tsaya a kwana goma, wanda duka-duka naira 1,023 ne, ita kuma ta kafe a kan ashirin.